Kunyar Ɗan Fari a Filin Jirgi

Ku ajiye wayoyin nan ku matso. Yau da shari'a na zo muku, kuma wanda bai ji farko ba kada ya sa min baki a ƙarshe.

Akwai wata mata Hansatu, mutuniyar wani ƙauye a ƙasar Gumel. Mijinta Sabi'u ya tafi Jidda aikin tuƙi, ya bar ta da ciki wata biyar. Shekara uku bai ga ɗansa ba sai a hoto. Da ƙyar ya samo musu biza, kuma ranar tafiyar ita ce ranar ƙarshe. In jirgin nan ya tashi babu su, biza ta mutu, shi ke nan.

To, yaron ɗan fari ne, ga shi sunan surukinta aka sa masa. Kun dai san matanmu. Jami'in da ke duba fasfo ba Bahaushe ba ne, da 'yar Hausarsa ya ce, "Hajiya, ɗanki ne?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ɗan gidanmu ne." Ya ce yaya sunansa, ta ja mayafi ta rufe baki. Ya tambayi yaron wace ce wannan, ja'irin ya ce, "Hansatu ce." Ai kuwa mutumin ya danne fasfo biyun da hannu, ya ce a kira masu kama ɓarayin yara. Ni wallahi ban ga laifinsa ba.

A bayanta a layi akwai Alhaji Gambo, dillalin shanu. Ya yi bayanin kunyar ɗan fari har bakinsa ya bushe, jami'i bai gane ba. Sai kawai Alhaji ya sunkuya ya gantsara wa yaron mintsini a cinya. Yaro ya tsala ihu. Hansatu ta yar da mayafi, ta cakumi wuyan rigar Alhaji tana cewa, "Kashe min ɗa za ka yi? Ɗana na cikina!" Jami'i ya yi dariya har da riƙe ciki, ya buga musu hatimi.

Amma yaro da ya ji zafi sai ya zille, ya shige cikin taro ya ɓace. Aka yi ta kiran sunansa na yanka, Mudassiru, a lasifika, shiru, don a gida ba mai kiransa haka, bai ma san sunansa ke nan ba. Sai Malam Jafaru, wani tsohon hedimasta da ke wurin, ya tambayi Hansatu me yaron ya fi so. Ta ce akuyarsa da aka baro gida, tun safe ita yake wa kuka. Dattijon nan, da babbar rigarsa da furfurarsa, ya durƙusa da hannu da gwiwa a tsakiyar jama'a yana rarrafe yana kukan akuya, samari na ɗaukarsa a waya. Can sai ga yaro ya fito daga ƙarƙashin kujeru, ya zo ya ɗare bayansa.

Duk wannan bidiri, fasinjoji sun gama shiga, za a rufe ƙofar jirgi. Saura mutum ɗaya, Sallau tela. Ya sa ƙafa ɗaya ciki, ɗaya waje, ya ƙanƙame ƙofa, ya ce shi kam ba zai shiga ba sai an nuna masa abin da ke riƙe jirgi a sama. Ma'aikata suka lallashe shi, matuƙi ya fito da kansa, fasinjoji suka zage shi tas. Minti ashirin yana nan. Hansatu na isowa a guje da yaro a kafaɗa, ya saki ƙofa ya shige. Shi dai ya ce da gangan ya yi. Wanda ya zauna kusa da shi ya ce har Jidda idonsa a rufe yana salati. Ni ban yanke ba.

Da suka sauka, Sabi'u ya ɗauki ɗansa ya fashe da kuka a gaban mutane. Ni ma da aka ba ni labarin sai da na share ido.

Bana Hansatu ta sake haihuwar namiji, Sabi'u kuwa ya rantse sunan wanda ya kawo masa iyalinsa zai sa wa jaririn. Ba don mintsini ba, da babu hatimi. Ba don kukan akuya ba, da babu yaro. Ba don Sallau ba, da jirgi ya tafi. Ga rago a ɗaure, suna jibi ne. To, ku gaya min, sunan wa za a raɗa wa yaron nan?