Kurege Mai Gadin Gyaɗa

Ga ta nan ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya wartsake.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wani manomi ne ana ce masa Nomau. Ruwan shuka ya sauka, ya shuka gyaɗa, aka tone. Ya sake shukawa, aka sake tonewa. Irin da ya rage masa bai fi cikin ƙoƙo ba, ga damina tana tafiya. In wannan ma ya salwanta, bana shi da matarsa Tabawa sai dai su ga gyaɗa a kasuwa.

Ya kafa mutum-mutumi, ya ja igiya ya rataya gwangwanaye, ya yafa ƙaya a kan kunyoyi. Yana cikin haka sai ga Kurege, ciki ya yi tulu, baki duk ƙasa.

Ya ce, "Sannu da aiki, maigida. Wallahi tsuntsayen nan ba su da imani. Fakara ce shugabarsu, da idona na gan ta. Wannan gunkin naka kuwa, a kansa kurciya take hutawa. Ka ba ni gadi."

Nomau ya koma gida ya gaya wa Tabawa. Ta ce, "Malam, sawun da na gani a gonar nan mai ƙafa huɗu ne. Amma ba shi gadin." Ta daka barkono, ta jiƙa irin a ciki, ta shanya.

Da safe Nomau ya shuka, ya ɗaure bakin igiyar gwangwanaye a wutsiyar Kurege tamau, wai don ya riƙa girgizawa. Ya juya baya ke nan, gogan naku ya tone rami uku, ya cika kumatu.

Wuta ta kama baki! Ya yi tsalle, gwangwanaye suka ce ƙwarang-ƙwarang. Ya yi birgima, suka ce ƙwarang-ƙwarang. Tsuntsaye suka tashi fir, ko ɗaya bai saura ba.

Nomau ya dawo ya ce, "Kurege, rawar me kake yi?"

"Sabuwar dabarar korar tsuntsu ce, maigida."

"Hawayen fa?"

"Tausayin gonarka ne."

"Madalla. Bari in zauna a inuwa in koya."

Ya kuwa zauna, da majajjawa a hannu. Kurege ya sunkuya, ƙwarang, Nomau ya ɗago kai. Sai ya miƙe tsaye a ƙafa biyu, ya waiga gabas, ya waiga yamma, shi a dole mai gadi. Ya sake sunkuyawa, ƙwarang, ya sake miƙewa. Da Nomau ya tafi salla, Kurege ya kai wa igiya cizo, ashe ita ma Tabawa ta shafa mata barkono.

Yunwa ta ci shi, har ni na fara jin tausayinsa. Sai ga Fakara tana raɓe-raɓe a bakin gona.

Ta ce, "Kai, wa ya ɗaure ka?"

"Ɗauri? Yaya Fakara, igiyar izini ce. Wanda take jikinsa ya ci yadda ya ga dama. Na ci har na gaji, ba ki ga hawayen ƙoshi ba?"

"To, ara mini."

"A'a, ba zan iya ba."

"Haba, ɗan'uwa!"

"To, don ke ce. Kwance da bakinki."

Ta kwance, ya ɗaura mata a ƙafa, ya arce. Fakara ta tono ƙwaya ɗaya ta haɗiye, barkono ya ƙona mata baki. Ta yi sama, igiya ta dawo da ita, ƙwarang-ƙwarang! Ta yi sama, ta dawo. Kafin igiyar ta tsinke, labari ya kai ko'ina a daji cewa gonar Nomau tana kama ƙafa tana ƙona baki. Babu wanda ya sake leƙo ta.

Gyaɗa ta tsiro, ta yi yabanya shar. Da kaka Tabawa ta matse mai ta soya ƙuliƙuli.

Shi ya sa har yau in ka ga kurege a gona, tsaye yake yana waige-waige, wai gadi yake yi. Kwarmaton da fakara take yi da asuba kuwa, shi take zagi.

Ƙurunƙus kan kurege. Wanda ya zo neman gadin gonarka, ka fara duba bakinsa, in da ƙasa ka aika a sayo barkono.