Barcin Malam Jatau

Ku da ba ku gajiya da gardama, ga wata ku raba.

Malam Jatau ya tsufa yana tuƙin motar haya a kan hanyar Gumel zuwa Kano, bai taɓa ko taka kaza ba. Sai ga shi kwanan baya, da ya kama sitiyari kai ya ɗau ciwo, ido ya yi nauyi. Ran da ya gyangyaɗa har mota ta gangara gona, shugabannin tasha suka ce tsufa ne, in ya sake sai su hana shi lodi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya kuma ɗaure masa kai, don in ya sauka daga motar garau yake. Ya tara 'ya'yansa uku ya ce wanda ya wanke shi daga wannan kunya, motar tasa ce.

Ladidi, mai kiwon kaji, ita ta fara. Ta aika shi ya sayo mata 'yan tsaki kwali biyu, ya ajiye ɗaya a gaba, ɗaya can baya. Na baya suka iso suna tsiyu-tsiyu, na gaba duk sun langaɓe.

"Baba, su ma tsufan ne?" in ji ta.

Da safe ta sa ya ta da inji, ta kasa kunne, ta ji wani cis-cis. Ta leƙa, sai ga kunkunniya inda bakin salansa ya haɗu da inji. Ashe gaskit ɗin da ke toshe tsakaninsu ne ya ƙone, hayaƙi na kurɗawa cikin mota.

Sanin ciwo daban, samun magani daban. An daɗe da daina ƙera irin motar, duk shagon da aka je sai a yi dariya. Sagiru, sarkin naci, ya zana siffar ƙonannen a takarda, ya karaɗe kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, ya wuce ta Panteka a Kaduna. Har takalminsa ya tsinke kafin ya tarar da guda ɗaya, sabo dal, rataye a ƙusa a shagon wani tsoho da ya manta yana da shi.

Saura ɗaurawa. Tsatsa ta cinye notunan, bakaniken farko ya karya ƙarfe ɗaya a cikin inji, ya ce sai dai a nemi wani injin. Ɗanlami mai walda, autan gidan, ya liƙa noti a kan guntun, ya lallaɓa shi har ya fito. Ya goge bakin salansar da zafi ya lanƙwasa, ya ɗaura.

Malam Jatau ya je Kano ya dawo ido tar, shugabannin tasha suka ba shi haƙuri. Da yamma ya zauna a ƙofar gida da makulli a hannu, 'ya'ya uku a gabansa, kowa ya sunkuyar da kai kamar ba ya so.

To jama'a, mota ba ta rabuwa uku. A hannun wa zai sa makullin nan?