Kajin da Malam Tanimu Ya Ɓoye wa Baƙi

Akwai wani magidanci a Kara-Kara, cikin Damagaram, ana ce masa Malam Tanimu, wanda har yau yake rantsuwa tun da aka kafa duniya ba a taɓa wulaƙanta mutum kamar shi ba. Ya ci babbar riga ta shadda, ya sha turare, amma baƙi suka taso tun daga Dakar da Turai, suka wuce shi, suka je suna leƙa bakin kaji.

Ga yadda aka yi.

'Yarsa Raudatu ɗalibar kimiyya ce. Jami'arsu ta ƙulla haɗin gwiwa da wasu jami'o'in waje don binciken annoba, irin wadda ke tasowa daga dabba ta faɗa wa mutane. Raudatu ce ta kai labari cewa kaji na mutuwa a ƙauyen Dogo, a gidan gwaggonta Kulu. Aka ce za a zo a duba, in maganarta ta tabbata, da ita za a tafi horo a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, na Dakar.

Malam Tanimu ya naɗa kansa jagora, ba wanda ya roƙe shi. Ana gobe tafiya ya hau moto, ya riga kowa isa ƙauyen.

Da baƙin suka iso, sai ga kaji ƙosassu, zakaru na ta cara. Aka shiga shafar maƙogwaron kajin da auduga don gwaji, shi kuwa ya bi shugabar tawagar da tambayoyi, Raudatu na fassara. Me ake nema a bakin kaza? Ta yaya kazar Dogo za ta sa mutumin Turai tari? Shugabar ta ce masa cuta ba ta tsayawa a kan iyaka, shi ya sa masanan nan da na can suka haɗa kai.

Sai dai ba a samu kaza ko ɗaya mai ciwo ba. Shugabar ta tambayi Raudatu a hankali ko jita-jita ta ji. Aka fara tattara kaya.

Raudatu ta ja mahaifinta gefe, idonta ya kawo ruwa. "Baba, da idona na gan su suna faɗuwa. Yanzu na zama maƙaryaciya."

Gwaggo Kulu da ke tsaye kusa ta harare shi. "Tanimu, za ka faɗa ko in faɗa?"

Ya gyara zaman hularsa. Ya ce shi dai abin da ya sani, in baƙo zai zo ana share gida a ɓoye tsumma. A ce mutane sun keto duniya a nuna musu kaji masu gyangyaɗi, su koma su ce haka Damagaram take? Shi ne ya aro lafiyayyu daga maƙwabta, ya kife marasa lafiyar da kwanduna a bayan rumbu.

Da Raudatu ta fassara musu, baƙin suka nufi bayan rumbu har da gudu. Maganar Raudatu ta tabbata, ta samu tafiyarta. Kajin aro kuwa aka ce ba mai komawa gidansu sai an tabbatar ba su ɗauki ciwon ba, maƙwabta suka taru a kan Malam Tanimu.

An ɗauke shi hoto daga ƙarshe, amma bayan an rufe masa baki da hanci da takunkumi don kariya, an lulluɓe shaddar da rigar roba.

"Na yarda, ni na ɓoye su," in ji shi. "Amma ku gaya wa mutanen Dakar ni na gano su."

Darasi: Wanda ya zo taimaka maka kan ciwo, ciwon za ka nuna masa, ba kwalliya ba. Ku tura wa duk wani Malam Tanimu da ke gidanku.