Mai Hoto da Koren Fentinsa

Akwai wani mutum a wani ƙaramin gari, sana'arsa ɗaukar hoto. A lokacinsa babu bikin aure, ko suna, ko baftisma a bakin rafi da za a yi ba a aika masa ba. Kyamararsa irin ta dā ce, wadda ake sa wa fim, sai an kai birni an wanke kafin mutum ya ga fuskarsa. Abin da ya fi ji da shi a jikinta shi ne idonta, wato ɗan bututun nan na gaba mai gilashi, wanda ake iya cirewa a mayar. A jikin bututun akwai wani zobe da ake murɗawa. In ka murɗa shi gefe guda, abin da yake kusa ya fito tar. In ka murɗa ɗaya gefen, na nesa ya fito. Rabin gwanintar mai hoto a wannan murɗawa take.

Wata rana abokinsa na ƙuruciya, shi ma mai hoto ne, ya zo ya ari idon kyamarar domin wani biki. Da ya dawo da shi, sai ga 'yar ƙarzuwa a gefen bututun, tsawonta bai kai farce ba. Gilashin kuwa lafiya lau. Abokin ya ba da haƙuri har sau uku, mutumin nan ya ce, "Ba komai." Kun dai san irin "ba komai" ɗin nan da baki yake faɗa alhali zuciya tana tafasa. Tun daga ranar, in ya hango abokin a hanya, sai ya tuna yana da sauri.

Ya koma gida ya ce a ransa, ba za a ƙara yi mini haka ba. Ya samo leda ya naɗe bututun, ya ɗaure da robar tayar keke. Bai gamsu ba, ya bi da baƙin salatif, zagaye bisa zagaye, har masu tsokana suka ce kyamarar ta koma kamar ƙafar da mai ɗori ya gama ɗaurewa. Wannan magana ta ɓata masa rai, sai ya ƙudura zai mai da abin ado. Ya ɗauko ragowar koren fentin da ya shafa wa ƙofarsa, ya fige gashin kaza ya yi burushi da shi, ya zauna kwana uku yana shafawa. Shafi uku ya yi. Da ya bushe, ya rubuta sunansa a kai da farin fenti, domin kada wani ya ma yi mafarkin aro. Gaskiya abin ya yi kyau, ba zan ɓoye muku ba.

Amma fenti ya malala cikin tsagar da take tsakanin zoben da bututun, ya bushe a can. Zoben ya kafe, kuma a gefen nesa ya kafe. Mutumin ya lura da haka, bai dai damu ba, gama a lokacin ya riga ya daina ɗaukar mutane. In aka kira shi biki da damina, sai ya ce yayyafi zai taɓa masa kaya. In suna ne, ya ce yara za su kama masa kyamara da hannun mai. Mutane suka roƙa, suka roƙa, suka gaji, suka nemi wani. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Sai ya zama kullum da hantsi yana zaune a ƙofar gida shi kaɗai, yana ɗaukar hoton duwatsun da suke bayan gari. Hotunan suna fitowa tar, amma babu wanda yake nuna wa, sai ya zuba su cikin kwalla ya rufe.

Mutum ɗaya ce ta rage masa a duniya daga cikin 'yan'uwansa, yayarsa Afiniki, wadda ta goye shi yana jariri. Tana zaune a wani ƙauye, tafiyar sa'a guda a keke. Wata rana ta aiko a kira shi, ta ce ya zo da kyamara. Ya same ta a tsakar gida bisa kujera 'yar tsugunno, ta rame ƙwarai, amma ta ci ado da zanen zumuntar mata, ta kafa ɗaurin ɗankwali. Ta ce, "Auta, gobe ɗana zai zo ya tafi da ni asibitin birni. Jikin nan nawa na san abin da yake gaya mini. Tunda nake ba ni da hoto ko ɗaya, ga ƙanena mai hoto. Ɗauke ni, jikokina su san fuskata."

Ya ɗaga kyamara ya leƙa. Fuskar yayarsa ta fito dishi-dishi. Yatsunsa suka kai ga zoben yadda suka saba, zobe ya ce bai san zancen ba. Ya ja da baya, ya ƙara ja, har bayansa ya bugi bangon ɗaki, gama tsakar gidan ƙarami ne, ita kuwa ba ta iya tashi. Afiniki ta ga yana kokawa da abin, ta tambaye shi, ya gaya mata. Ta ce, "To, kankare fentin mana. Ga wuƙa can a kan turmi, akwai kananzir a kwalba."

Ya dubi wuƙar, ya dubi koren fentin da sunansa a kai. Ya ce, "Yaya, kwana uku na yi ina shafa shi. Bari kawai, zai fito haka." Ya sani sarai ba zai fito ba. Ta gyara zama, ta yi murmushi, ya danna.

Aka tafi da ita washegari. Bayan kwana tara saƙon rasuwarta ya zo, a birni kuma aka binne ta. Da aka kawo masa hoton daga wurin wanki, ya shiga ɗaki ya buɗe. Can bayan zanan gidan akwai wata giginya a cikin fadama, ta fito tar, har ana iya ƙidaya ganyenta. A gaba kuwa, inda Afiniki take zaune, sai launin zane da wani duhu-duhu a wurin fuska. Ba ido, ba baki, ba murmushin nan. Ɗanta ya zo karɓar hoto, ya duba ya daɗe, ya ajiye a kan tabarma, ya ce, "Kawu, sai an jima."

A ranar mutumin ya ɗauki reza da kananzir ya zauna a ƙofar gida. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama kankarewa, zoben ya juya sumul kamar bai taɓa kafewa ba. Ya murɗa shi zuwa kusa, ya ɗaga kyamarar, ya juya dama, ya juya hagu yana neman wanda zai ɗauka. Babu kowa a gidan. Ya ɗora ta a cinya ya yi kuka mai zafi.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Idon kyamarar zuciyarka ce, wadda Ubangiji ya yi domin ta ga mutane. Ƙarzuwar ita ce laifin da wani ya taɓa yi maka. Ban ce bai yi zafi ba. Ban kuma ce kiyaye kai zunubi ba ne, gama mai hoto mai hankali yakan rufa wa kayansa leda in hadari ya taso, ya cire in ruwa ya ɗauke. Kuskuren mutumin nan shi ne bai cire ba, ya ƙara a kai, har ya mai da abin ado ya sa masa sunansa. Haka muke yi da fushi. Mu rufe shi da shiru, mu shafe shi da kyakkyawar magana, mu ce, "Ni dai ba na shiga harkar mutane," har mu soma alfahari da shi. A nan ne zuciya take kafewa, kuma a gefen nesa take kafewa. Za ka ga mutum yana addu'a da hawaye domin ƙasashen da bai taɓa takawa ba, amma wanda suke zama a benci ɗaya kowace Lahadi, shekara biyu bai dubi fuskarsa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ranar da aka nuna wa mai hoton nan wuƙa ya san gaskiya, ya zaɓi fenti. Ubangiji yana shirye ya taimake ka ka kankare naka, aikin kuma ba shi da tsawon da kake tsammani. Amma mutanen da ya ba ka ba za su zauna a kujera suna jiranka har abada ba.

Ba ku kaɗai nake yi wa wannan magana ba. Ina da ƙane da muka saɓa a kan iyakar gona, yau shekara huɗu ban taka gidansa ba, ina nan ina koya muku ƙauna kowane mako. In an tashi sujada yau, kada kowa ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Can za ni.