Hanyar da Aka Cire Daga Taswira

Akwai wani injiniya a Kasablanka, sunansa Bujma'a, wanda aikinsa shi ne rage wa taswira nauyi.

Kamfaninsu na yin na'urar nan da ake maƙalawa a gaban mota, mai nuna wa direba hanya. Na'urar ba ta da laifi sai cin data. Direbobin tasi suna ta ƙorafi a kai. Masu manyan motoci kuma suka ce da zarar sun shiga duwatsun kudu, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, sai allon ya tsaya cak, ya bar mutum a mararraba.

Bujma'a ne ya samo mafita. Ya ce ba kowa ke buƙatar ganin komai ba. Mai tasi a nuna masa tashoshi da inda cunkoso yake. Mai tirela a nuna masa tsayin gadoji da wurin shan mai. Kowa da allonsa, daidai da aikinsa.

Wannan kowa ya yaba. A kan shawara ta biyu aka yi gardama.

Kowace mota mai na'urar tana sanar da kamfani inda ta bi. Sai Bujma'a ya kafa doka: duk hanyar da shekara ta zagayo babu motarsu ko ɗaya da ta taka ta, a daina aika ta cikin motoci. Tana nan a ajiye a babbar kwamfutar ofis, amma direba ba zai gan ta ba.

Abokiyar aikinsa Nuzha, wadda teburinta ke kallon nasa, ita ce ta ɗaga hannu a taron.

"Si Bujma'a, mutanen da ke ƙarshen irin waɗannan hanyoyin fa?"

"In da mutane, da mota ta je."

"Motarmu ka ce. Ba kowa ke da na'urarmu ba. A garin kakata, mai kawo gas da wata tsohuwar akori-kura yake zuwa, ko madubi babu."

"To shi ya san hanya, me zai yi da taswira?"

"Baƙo fa? Likita fa?"

"Nuzha, in don awaki uku da tsohuwa ɗaya za mu sa direba ya jira a tsakiyar birni, gara mu rufe kamfanin mu koma kiwo."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Ji ɗan duwatsu yana raina awaki. Da nononsu aka yaye ka."

Aka sake dariya, shi ma ya murmusa, amma dokarsa ce ta wuce. Taswirar ta yi sauƙi, allon ya daina tsayawa, manaja ya ba shi ofis mai ƙofa.

Gaskiyar Nuzha ne, ɗan duwatsu ne. An haife shi a wani ƙauye mai suna Tazult, can sama da Tiznit. Ya bar shi tun yana matashi, ya yi tsaron shagon kawunsa, ya yi karatu, ya zama abin da ya zama. Bai yi aure ba. Yana zaune a hawa na sama na wani dogon bene, yana cin abinci a tsaye, rediyo a kunne don kawai a ji murya a ɗakin. Ba mugu ba ne. Mutum ne da ya saba auna komai da yawan amfani da shi, har ya fara auna mutane da wannan mudun bai sani ba. Lambar da ya daɗe bai kira ba, yakan goge ta. Ɗaurin aure da jana'iza, yakan aika saƙo.

Mahaifinsa, Dda Bihi, yana can Tazult. Tun rasuwar mahaifiyarsu Bujma'a bai koma ba. Yayarsa Ijja ce ke kula da tsohon. Tana aure a Tiznit, takan shiga motar haya zuwa bakin kwalta, daga nan maƙwabci ya ɗauke ta a alfadari.

Wata ranar Juma'a ta kira shi yana ofis.

"Ka ci kuskus yau, ko na'urar ce ta ci maka?"

"Lalla Ijja, ina cikin aiki."

"Kullum kana ciki. Baba ya fara manta mutane. Jiya ya tambaye ni ko ni ce matar liman."

"Tsufa ne. Zan turo kuɗi a kai shi wurin likita."

"Likita ya gan shi. Ya ce ba ya komawa baya. Da safe yana nan garau, ya san ni, ya san itatuwansa, yana tambayarka. Da rana ta karkata shi ke nan, ya tafi. Kuma safiyar tana ta gajercewa. Ka zo tun yana gane ka."

"Bari mu saki sabuwar manhajar. Ana gamawa zan taho."

"To. Zan faɗa masa ya jira manhaja."

Ta kashe.

Aka saki manhajar. Sai aka ce a kai ta birnin Tanja. Daga Tanja aka ce Fas. Itatuwan almon suka yi fure a duwatsu suka zubar, Bujma'a bai gani ba. Ijja ta daina kira, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin lafiya.

Sai a ƙarshen bazara ta sake nemansa. Wannan karon babu zolaya a muryarta.

"Safiyar ta kusa ƙarewa, Bujma'a. Sai a yi kwanaki bai san kowa ba, sannan ya ɗan dawo. Yau ya dawo, ya kira sunanka. Na ce masa gobe kana tafe. Kada ka mai da ni maƙaryaciya."

Ya ɗauki mota a ranar. Ya kwana a Tiznit, ya yi asuba ya kama hanya, don ya isa kafin hantsi ya ɗaga.

Har ƙarshen kwalta komai lafiya. Na'urar tana magana da muryar da shi da kansa ya zaɓa mata, a hankali, ba ta maimaita zance. Da ya iso inda ya san ana sauka a bi ta cikin rafi, sai ya tarar babu masauka. Duwatsu ne jibge, manya kamar ɗakuna. A lokacin ya tuna Ijja ta taɓa ce masa ambaliya ta cinye tsohuwar hanya, an yanka sabuwa ta bayan tsauni. Ya ji zancen a wancan lokacin, bai riƙe shi ba.

Ya dubi allon. Kwalta ta ƙare, bayanta fili ne fari fat. Ya rubuta Tazult. Na'urar ta ce, "Babu hanyar zuwa wannan wuri."

Gaba kaɗan hanyoyin ƙasa sun rabu, kowace ta nufi nata kwazazzabon. Babu alama, babu mutum. Ya kira Ijja, wayarta ba ta shiga, don a Tazult sai an hau rufin masallaci ake samun sabis. Ya zaɓi wadda ta fi faɗi. Ya yi ta hawa har ta ƙare a wani wurin fasa dutse da aka daɗe da bari. Ya juyo da baya da baya, gefensa rami.

Ta biyu ta kai shi wasu gidaje da aka kulle da kwaɗo, masu su duk sun koma birni. Ya fito ya yi sallama. Muryarsa ta bugi tsauni ta dawo masa.

Rana ta yi tsaka lokacin da ya sami sabis a kan wani tudu. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya kira Nuzha.

"Ranka ya daɗe mai ofis mai ƙofa. An ce kana hutu, na ce ƙarya ne."

"Nuzha, na ɓata."

"Kai? Ina na'urar?"

"Buɗe babbar taswira. Nemo mini Tazult, sama da Tiznit."

Ya ji tana danne-danne.

"Tana nan. Hanya ce mai kyau ma, an auna ta. Amma an daina aika ta."

"Saboda me?"

Ya san amsar kafin ya rufe baki. Ta faɗa masa duk da haka, a hankali.

"Babu motarmu da ta taɓa bin ta. Wa gare ka a can?"

"Babana."

Nuzha ta san akwai na'urar a motarsa. Ta san da ya je sau ɗaya rak, ko ranar salla, da hanyar tana nan a allon kowa. Shi ma ya san ta sani. Ya jira ta faɗa. Ba ta faɗa ba.

"To saurara," ta ce. "Inda kake sabis ba zai ɗauki taswira ba, sai dai in karanta maka. Koma bakin kwalta. Hanyarka ba a nan take ba, ka wuce ta tun baya, kusa da wata rijiya mai rufin siminti. Ka bi ta, kullum tsauni yana hagunka. In ka ga ta rabu, ɗauki mai hawa. Maimaita mini."

Ya maimaita kamar ɗan makaranta.

"Allah ya sa ka same shi lafiya, Si Bujma'a. Yi sauri, amma kada ka..."

Sabis ya ɗauke.

Hanyar tana nan yadda ta ce. Ba ta ɓuya ba. Ya wuce ta da safe idonsa na kan allo.

An idar da la'asar lokacin da ya hango hasumiyar masallacin Tazult. Ijja na tsaye a ƙofar gida. Ba ta rungume shi ba, ba ta kuma yi masa faɗa ba. Ta dubi ƙurar da ke jikin motar, ta dube shi.

"Tun asuba ya sa na ɗauko masa farar jallabiyarsa," ta ce. "Ya sa aka fitar masa da kujera. Ya ce a dama amlu, niƙaƙƙen almon ɗin nan da ake ci da burodi, kai kana son shi da zuma da yawa. Ya ba maƙwabta labarin ranar da ka faɗo daga itacen argan. Har azahar yana lafiya. Ban taɓa ganin ya kai azahar ba."

Tsohon yana zaune a jikin bango, cikin farar jallabiyar, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon inda hanya ta ɓullo. Ya rame. Bujma'a ya durƙusa, ya kama hannunsa ya sumbata.

"Baba, ni ne. Na zo."

Dda Bihi ya dube shi da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙon da aka ga ya sha hanya.

"Marhaba, marhaba. Daga ina?"

"Baba, Bujma'a ne."

"Ka san shi? Allah ya yi maka albarka. Yarinya, kawo wa baƙo shayi."

Ijja ta shiga ciki da sauri.

Ya ce a ransa gobe da safe. Washegari ya riga kowa tashi, ya zauna a gaban tsohon tun kafin rana ta leƙo. Dda Bihi ya farka, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi daga ina. Haka jibi. Haka gata. Bujma'a ya hau rufin masallaci ya kira ofis, ya ce a soke dokar, a mayar da hanyoyin duka, a nemi wani wurin da za a rage nauyi. Ya ce kuma kada a jira shi.

Ya zauna a Tazult har sanyi ya shigo. Shi ke yi wa tsohon alwala, shi ke yi masa aski, shi ke fitar da kujera da safe ya mai da ita da yamma. Safiyar ba ta sake dawowa ba. Dda Bihi ya saba da shi, har yakan ce wa maƙwabta baƙon nan mutumin kirki ne, ba shi da surutu.

Wata yamma suna zaune a jikin bangon, tsohon ya ɗora hannu a kafaɗarsa.

"Kai da ka zo da mota, ba ka ga wani yaro a hanya ba? An ce yana tafe."

Bujma'a ya dubi hanyar.

"Na gan shi, Baba. Ɓata ya yi."

"Allah sarki," in ji tsohon. "To matsa kaɗan, ka tare mini hanya."

Bujma'a ya matsa.

Darasi: Ba kowane abin da aka daɗe ba a taɓa ba ne ya zama marar amfani, wani lokacin mu ne muka yi sakaci da shi. Hanyar gidan iyaye da 'yan uwa da zuwa ake raya ta, kuma ba su da tabbacin jiranmu har mu gama aiki. In akwai wanda kake ta cewa za ka je ka gani, ka je tun yana gane ka. Tura wannan labari ga wanda ka san ya daɗe bai leƙa gida ba.