Karatun Da Ya Bi Yara Gonar Gyaɗa

Akwai wani ɗalibin kwalejin horar da malamai mai suna Muttaka, ɗan Rogo, da aka tura firamaren Yammedi koyon aikin koyarwa. Bakinsa ba ya gajiya da faɗin cewa waya ma allo ce, in an iya amfani da ita.

Ya zo a daidai lokacin cirar gyaɗa. Yara arba'in ne a rajistar aji biyar, amma da ƙyar sha biyu ke zuwa, sauran suna gona. Ga shi saura wata guda malamin kwaleji ya zo ya gwada yaran a lissafin rabawa. In suka kasa, Muttaka zai maimaita shekara.

Hedimasta Malam Falalu ya ce, "Ɗan nan, haka muke kowace kaka. Koyar da waɗanda suka zo, ka bar wa Allah sauran."

"Ranka ya daɗe, in ba su zo ba, ni zan je musu."

Ya naɗi darasinsa a waya, ya bi gida-gida yana tura wa iyaye a ƙananan wayoyinsu. Malamai suka yi ta dariya, har suka laƙaba masa Malam Rediyo.

Bayan mako guda ya leƙa wata gona, ya tarar ba mai saurare. Ransa ya ɓaci matuƙa. Wata dattijuwa, Baba Kande, ta ce masa, "Malam, kana ta zuba Turanci kamar ana korar ka. Yaushe yaro zai amsa?"

Kunya ta kama shi, amma bai yi zuciya ba. Ya goge duka, ya sake naɗawa da Hausa, minti biyar-biyar, ya sake tura musu. In ya yi tambaya sai ya ce, "Ku dakata, ku raba gyaɗar da ke gabanku," ya yi shiru kafin ya faɗi amsa.

Ranar gwaji malamin kwalejin ya buɗe rajista, ya zaɓo yarinyar da ta fi kowa fashi, Radiya, wadda ta yi sati uku ba ta zo ba sai ranar.

Aka rubuta mata tamanin da huɗu a raba gida shida. Ta tsaya tana motsa baki, tana ƙirga da yatsu, sannan ta rubuta sha huɗu. Aka ba ta wani, ta sake ci.

"Ke da ba kya zuwa, ina kika koya?"

"A gonarmu, Malam."

Malamin ya sa hannu a takardar Muttaka, sannan ya zaro tasa wayar ya miƙa masa. "Tura min duka. Ina da ɗalibai irinka ɗari biyu."

Darasi: Na'ura ba ta koyar da kowa sai malami ya san halin ɗalibansa, ya karɓi gyara ko daga bakin wa ya fito, kuma bai karaya ba. Ku tura wa duk malamin da kuka sani, musamman masu shirin fara aikin.