Igiyar Shanyar Malam Sambal

Akwai wani tela da ke zaune a wani gidan haya, kowa na kiransa Malam Sambal. Sunan bai zo a banza ba. Mutumin nan ba ya ƙaunar ganin abu a karkace. Idan ya shigo ɗakinka ya tarar kalanda ta jirkice, sai ya gyara mata zama kafin ya amsa gaisuwarka.

Ƙofarsa na kallon ƙofar wani tsohon direban babbar mota da ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya. Direba kawai ake ce masa. Tun yaransu na rarrafe suke maƙwabtaka. Kullum da safe benci ɗaya suke zama, butar shayi ɗaya, suna musu kan abin da rediyo ta faɗa.

Tsakanin ɗakunan biyu akwai igiyar shanya, daga ƙusar bangon Sambal zuwa ƙarfen tagar Direba. Tsohuwar igiyar ta yi shekaru da cikinta a sake, tana ɗaukar wankin gida biyu, har ta ruɓe. Sambal ya sayo sabuwa, ya ce wannan karon da hannunsa zai ɗaura, don tsohuwar ta daɗe tana ɓata masa rai.

Ya ja, ya ƙara ja, ya ɗaure tamau, har idan ka taɓa ta da yatsa sai ta yi ƙara. Ya koma baya ya kalle ta, ya ji daɗi.

Autarsa, wadda ke koyar da Fiziks a makarantar sakandare, ta tsaya da jakarta a kafaɗa ta ce, "Baba, da ka ɗan sassauta ta."

"Ki bari sai kin je aji ki koyar," in ji shi. "Nan kuma ni ne malami."

Ta yi murmushi ta wuce.

Ba a jima ba matar Direba ta shanya jiƙaƙƙen bargo, ƙusa ta fizge, wanki ya zube ƙasa. Sambal ya nemo ƙusa mafi girma, ya buga, ya ja igiyar fiye da farko. Ta sake fizgewa. A karo na gaba kuwa har da guntun bango ta fito, ta yar da farar rigar wani kwastoma da Sambal ya wanke don ya fitar da shatin alli. Rigar ta faɗa daidai bakin kwata.

"Direba," in ji Sambal, yana riƙe da rigar tana ɗiga, "abin nan da kuke shanyawa bargo ne ko tamfol ɗin tirela?"

"Bargon nan ya girmi Auta, kuma tsohuwar igiya ba ta taɓa kawo ƙararsa ba. Ƙusarka ce ta banza."

"Kai dai ka saba lodi fiye da ƙima. Ka bar hanya, halin bai bar ka ba."

Maganar ta soki Direba. Ya ce, "Ni ban taɓa zubar da kayan mutane a hanya ba, Tela. Kai ga naka nan a kwata."

Daga ranar benci ya zama na mutum ɗaya. Sambal ya riƙa shan shayinsa shi kaɗai, yana jin rediyo tana faɗin abin musu, babu wanda zai yi musun da shi. Cikin fushi ya kira mai gidan a waya, ya ce ya zo ya ga yadda aka fasa masa bango.

Shi kuwa mai gidan, kowa ya san dokarsa: wanda ya lalata gini, ya tattara kayansa. Sambal ya san idan ya nuna ƙofar Direba, abokinsa zai tashi. Abin yana cin sa a rai, amma duk lokacin da ya kalli ramin bangon sai zuciyarsa ta ce masa ai shi ke da gaskiya.

Ranar da mai gidan ya ce zai zo da yamma, Sambal na kan keken ɗinki sai Auta ta leƙo da bokitin ruwa a hannu ɗaya, guntun igiya a ɗayan.

"Baba, gobe ina da darasi mai wuya. Ina so in gwada shi a gida kafin in je in ji kunya gaban ɗalibai. Ƙarfafan maza biyu nake nema."

"Biyu?"

"Na riga na roƙi Kawu Direba. Ya ce ko da bayansa zai ɓalle ba zai ƙi ni ba."

Sambal ya fito yana gyaran murya. Ga Direba tsaye a tsakar gida yana kallon sama kamar mai jiran jirgi. Auta ta rataya bokitin a tsakiyar igiya, ta miƙa wa kowannensu bakin igiyar guda.

"To, ku ja har igiyar ta miƙe sambal."

Direba ya danne dariya. Sambal ya yi kamar bai ji ba. Suka ja da baya, bokiti ya tashi. Suka ƙara ja. Igiyar ta fara cin tafin hannun Sambal, jijiyoyin wuyansa suka fito, amma a daidai bokitin igiyar na nan da ɗan lanƙwasarta.

"Saura kaɗan, Baba."

Ya kafa ƙafa ya ja da dukkan ƙarfinsa, har silifas ɗinsa ya fara zamewa. Ruwan bokiti na rawa. Lanƙwasar ta ragu, amma ta ƙi ɓacewa.

"Yarinya, abin nan ba ya miƙuwa," in ji Direba yana nishi. "Ko dutse kika sa a ciki?"

"Ruwa ne kawai, Kawu. Yanzu kowa ya matso taku ɗaya."

Suka matso. Igiyar ta saki ciki, Sambal ya ji hannunsa ya samu sauƙi nan take.

"Ku ƙara matsowa, ku ɗan ɗaga hannu."

Suka ƙara. Suka sake ƙarawa, har kafaɗunsu suka kusa gogar juna. Bokitin da ya nemi ya cire musu hannu, yanzu da yatsu biyu ma Sambal zai iya riƙe nasa ɓangaren.

"Kin rage ruwan ne?" ya tambaya.

"Ko ɗigo."

Ta zaro allin ɗinki daga aljihun rigar babanta, ta durƙusa a kan siminti. Ta yi ɗigo ɗaya, ta ce shi ne bokiti. Ta ja kibiya tana kallon ƙasa, ta ce nauyinsa ke nan. Sannan ta ja kibiya biyu a karkace, ɗaya ta nufi Baba, ɗaya ta nufi Kawu.

"Bokitin ya tsaya cak ne saboda abin da ke jansa ƙasa ya yi daidai da abin da ke jansa sama. Amma jan da kowannenku ke yi kashi biyu ne." Ta tsaga kowace kibiya gida biyu. "Wani kashi na tafiya sama, wani na tafiya gefe. Na saman ne kaɗai ke ɗaukar bokiti. Idan igiya ta saki ciki, yawancin ƙarfinku sama yake zuwa. Idan kuka nemi miƙar da ita, kusan duka gefe yake tafiya, sai kun ja kamar me kafin ɗan na saman ya isa."

Sambal mutum ne mai fahimtar layi. Ya tsuguna, ya bi kibiyar gefe da yatsa.

"Shi wannan na gefen, me yake yi?"

"Naka yana jan Kawu, na Kawu yana jan ka. Ba ya ɗaukar komai. Wahala kawai kuke ba juna."

"Idan kuma babu hannu a bakin igiyar..."

Bai ƙarasa ba. Ya ɗaga kai ya kalli ramin da ke bangonsa. Auta ta mayar masa da allin cikin aljihu, ta ɗauki bokitinta ta ce za ta ɗora ruwan shayi.

Sambal ya daɗe a tsugune. Can ya ce, "Direba, bargonka ba shi da laifi."

"Maimaita. Kunnen nan na hagu injin mota ya cinye shi."

"Na ce ni na ja igiyar fiye da ƙima. Ka yafe mini maganar lodi."

"To, ai yanzu mun san wanda ke lodi a gidan nan," in ji Direba, ya miƙa masa hannu ya tashe shi. "Tashi, kar naka bayan ya koma irin nawa."

Da mai gidan ya iso, ya tarar da su a benci ɗaya. Sama da kansu ga igiya an sake ɗaurawa da cikinta a sake, bargo na shan iska a kai.

"Malam Sambal, wa ya fasa bangon?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ni da taurin kaina. Gobe zan kawo magini ya liƙe."

Mai gidan ya duba ramin, ya ce tunda mai ɓarna ya kama kansa kuma zai gyara, magana ta ƙare. Ya sha shayi kofi guda ya tafi.

Har yau, idan Sambal ya wuce ƙarƙashin igiyar nan, hannunsa kan tashi da kansa ya nufi ƙullin. Sai Direba ya yi tari daga benci. Sai hannun ya juya, ya je ya gyara hula.

Darasi: Idan kowa ya kafe sai abu ya miƙe yadda yake so, yawancin ƙarfin da ake kashewa ba kaya yake ɗauka ba, jan juna kawai ake yi, har wani abu ya fizge. Ka sassauta, ka matso kusa da ɗan uwanka, nauyin bai ragu ba amma za ku iya da shi. Ku tura wa wanda kuka san kuna jan igiya da shi, wataƙila yau shi ma ya matso taku ɗaya.